Ƙayar Dare, Littafi na Bakwai

Da rana ni magatakarda ne a kotu.
Alƙalamina ya iya rubuta "an ɗage sauraro"
ko da ina gyangyaɗi.
Fayil ɗin Iya Rakiya ya shekara shida a kan teburina,
gara ta ci gefensa,
wanda ya cinye mata fili kuwa ya sake mota sau biyu.

Da yamma sai in biya Taminus,
wajen Dung mai tsofaffin littattafai,
da ke baza hajarsa a kan buhu, ya danne da dutse.
Tun daga nesa ya ɗago mini yatsu:
"Na bakwai ya iso, Malam Shitu,
sai dai manja ya taɓa shafi na arba'in."
Na biya ban taya ba.

Gangare, bayan isha'i.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ba sallama.
An ɗauke wuta. Na kunna tocilar waya,
na ja bargo har haɓa,
na buɗe.

Ga shi nan, Ƙayar Dare,
mutumin da ba shi da suna a rajistar kowa.
Yana tafiya bisa rufin kwano, kwano bai ce uffan ba.
A na uku ya iske mai sayar da jabun magani
ya sa shi ya shanye hajarsa.
A na biyar, ɓarawon kuɗin 'yan fansho
ya kwana a gidansa mai masu gadi goma
bai wayi gari ba.
Yanzu yana kwance bayan tankin ruwa,
harsashi ɗaya ya rage,
kafaɗarsa na zubar jini,
yana ƙirga takun da ke hawowa bene:
ɗaya, biyu,
ni ma na riƙe numfashina.

Shayina ya huce tuni.
Balaraba ta juyo, ido rufe:
"Wai har yanzu bai gama kashe su ba?"
Na ce saura biyu.
"To in ya gama, ka gaya masa gas ya ƙare."

Ba zan yi ƙarya ba, akwai daɗi.
Ba ya jiran lauya ya warke daga mura,
ba ya jiran alƙali ya dawo daga taro.
Ba a ɗage masa komai.
Wani abu da ke daskare a ƙirjina tun safe
yakan narke shafi bayan shafi.

Amma ni haifaffen garin nan ne.
Na ga ranar da kowa ya zama alƙalin kansa,
na san warin hayaƙin.
Da ni da Dung layi ɗaya muka taso,
ƙwallon tsumma ɗaya muka buga;
yau ban san launin ƙofar gidansa ba,
sai a kan buhun nan muke gaisawa.
Harsashin takarda ya san mai laifi,
yana da ido, yana da kunne.
Na waje makaho ne.

Shi ya sa nake son sa inda yake,
tsakanin bango biyu masu maiƙo,
inda jini tawada ce,
inda gawa ba ta da uwa a Dilimi.

Ƙarfe biyu saura. Takun ya kai ƙofa.
Na juya shafi,
babu.
Wani ya yage ukun ƙarshe,
wataƙila an ƙunshe gyaɗa da su a Farin Gada.
Allah ya isa! na ce da ƙarfi,
yaro ya motsa, na yi shiru.

Da safe, ido ja, na isa ofis kafin masinja.
Na zaro fayil ɗin Iya Rakiya daga ƙasan tari,
na kakkaɓe shi,
na ɗora shi a sama.
Ba ni da bindiga. Wannan ne iyakar ƙayata.

Dung ya ce na takwas yana hannun wani tela a Bukur.
Asabar zan shiga mota.